Limamin Alƙibla ta Uku

Ba zan taɓa mantawa da Magaribar da muka yi a bakin tafki ba. Ko na so in manta, dangin matata ba za su bari ba.

Lokacin shekarata goma sha ɗaya a Madina, ina tsaron sito a wata gonar dabino a Awali, gidanmu kuma yana unguwar Ƙiblatain, wato mai alƙibla biyu. Surukina, Baba Harisu, haifaffen nan ne. Kakansa ne ya zo Hajji a ƙafa ya zauna. Mutum ne mai raha, ni kuwa ban iya wasa ba. Yakan ce, "Mijin Habiba, in aka ƙyale shi, numfashi ma sai ya sa masa lamba." Don haka da ya ce mu je duwatsun yamma mu kwana biyu, na ce a bar mini shirin. So nake ya gani da idonsa cewa tsari yana da rana.

Na rubuta takarda. Na ɗaya, ruwa jarka shida. Na biyu, tayar ajiya. Na uku, tanti. Har lamba talatin da huɗu, wato tsinken sakace. (Sau biyu na karanta musu ita kafin mu wuce Bi'ir Ali.)

Tafiya ta yi daɗi. Kwalta ta ƙare, muka dinga hawa muna karkacewa, raƙuma na bin mu da kallo, har muka ɓulla kan wani tafki da ruwan sama ya tara tsakanin duwatsu, ga iska mai sanyi. Habiba ta ɗora shayi. Ƙanenta Usama ya kafa tanti (a karkace, na sa ya tuge ya sake). Baba ya tsoma ƙafafu a ruwa yana ta murmushi. Komai aka nema sai in faɗi lambarsa, sannan in miƙo shi. Kaina ya fara kumbura.

Da rana ta faɗi, Baba ya ce gwiwarsa na ciwo, ni in ja salla. Ban taɓa limanci a gabansa ba. Na gyara hula, na dubi inda rana ta faɗi, na juya mata baya kamar yadda aka koya mini a Kano tun ina yaro, na shimfiɗa darduma.

Usama ya ce, "Yaya, lahza, dakata, wallahi..."

Na ce, "Na farko, daidaita sahu. Na biyu, rufe baki."

Na ɗaga hannu zan kabbarta, sai Baba ya yi gyaran murya.

"Ɗana, ina muka dosa?"

"Gabas, Baba."

"Masha Allah. To yaushe aka kai Ka'aba Riyad?"

Hannuna ya tsaya a sama. Ashe Makka kudu take da Madina, Riyad ce a gabas! Shekara goma sha ɗaya ina bin sahu, inda liman ya kalla nan nake kalla, bakina kuwa bai daina kiran wajen gabas ba.

Usama ya faɗi kan yashi yana riƙe ciki. Habiba ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Baba ya share hawaye ya ce, "Sau ɗaya aka juya alƙibla, har unguwarmu ta samo suna. Kai ta uku ka kawo mana?"

Na matsa baya don Usama ya shiga gaba. Baba ya sa sanda ya juya dardumar kudu ya ce, "Ina za ka? Wuce, liman." Na wuce. Ban taɓa karanta surori gajeru kamar na ranar ba.

Da muka zauna cin shinkafa, ya ce in ba shi takardar. Ya ari birona, ya rubuta a saman lamba ɗaya: "Sifiri: kudu." Ya ninke ya mayar mini a aljihu, ya tura mini cinyar kaza.

Har yau suna kira na Limamin ta Uku, kuma ina amsawa. Tsari ban daina ba. Sai dai yanzu, kafin in ƙirga tsinken sakace, nakan fara tambayar ina na dosa.