Safiyanu Mai Faci, Ɗalibin Likitanci

Jiya tayar babur ɗina ta yi faci a hanyar Mamudo. Na turo shi har cikin gari, gumi har cikin takalmi, na tarar da rumfar Safiyanu mai faci a rufe. Mai rake na gefensa ya ce wai ya tafi wasannin jami'o'i. Safiyanun da ya ajiye boko tun aji huɗu na firamare, yau ga shi da 'ya'ya biyar?

Ina isa gida maƙwabcina Alhaji Jalo, dillalin shanu, ya tare ni da jarida. 'Yarsa Fauziyya likita take son zama, kuma jibi za a rufe zaɓen makaranta. Jami'o'i shida ne ke buga kofi ɗaya a shiyyarmu, su ya tasa a gaba yana awo.

"Malam, duba min. Wannan ta ci kofi sau huɗu. Mai Girma Uban Taron gasar ya ce wadda ta fi a fili ita ta fi a aji."

Allah ya ƙara wa Mai Girma basira. Mutumin da ya gina wa filin ƙwallo ƙofa mai hawa biyu, ya bar ɗakin gwaje-gwaje ko famfo babu, ai ba a ja da shi a harkar ilimi.

Na karɓi jaridar. Ga mai tsaron ragar zakarun ya rungume kofi, an rubuta a ƙasa: ɗalibin likitanci, aji biyar. Safiyanu ne, har da tabon ƙarfen taya a goshi.

Ni dariya ta ci ƙarfina, Alhaji kuwa da na nuna masa, ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Shekara talatin ina kasuwar shanu," in ji shi, "ban taɓa sayen sa ban buɗe bakinsa ba. Yau saura kaɗan in miƙa 'yata saboda hoto." Ya ɗora yatsa can ƙasan jerin jami'o'in. "Wannan fa, da ake ɗura wa ƙwallo bakwai-bakwai?"

Na ce ita kam da ɗalibanta na gaske take zuwa. Bara mai tsaron ragarta da littafi ya shiga fili, wai jarrabawa gare shi washegari.

"To can za ta," ya ce, ya naɗe jaridarsa.

Fauziyya dai ta tsira. Sauran ku kuwa, in kun je asibiti nan da shekara biyu kuka ga likita ya tsoma majinyaci a ruwa yana neman inda yake sakin iska, ku lallaɓa ku fito.