Iskar da Ta Ƙaddamar da Solarmu

Jama'a, ku taya ni dariya, yau da takalmi ƙafa ɗaya na dawo gida. Tamfol na bi da gudu, ni da furfurata, tun daga ƙofar asibitin garinmu har bayan gonaki. Ban kama shi ba, kuma alhamdu lillahi da ban kama ba.

Bari in faro muku daga tushe. Tun kafin azumi aka kafa faifan sola a rufin ɗan asibitinmu, nan gefen Sukuntuni, har da firjin ajiye allurar rigakafin yara. Muka yi murna kamar an ba mu kujerar Makka. Masu aikin na gamawa sai suka lulluɓe faifan da tamfol, suka ɗaure tamau. Wai ba a buɗewa sai Mai Girma Uban Almakashi ya zo ya yanke zare da hannunsa mai albarka.

Na ce wa Kamilu, ma'aikacin asibitin, "Ɗana, abin da rana ce abincinsa, shi aka rufe wa baki?"

Ya ce, "Baba, ita ma ranar sai ta bi layi. Ba ta gaida manya ba tukuna."

Madalla da tsari. A ina ake koya wa rana ladabi in ba a wajenmu ba?

Aka sa ranar buɗewa, muka share fili, mata suka dama fura. Mai Girma ya tafi ɗaurin aure. Aka sake sawa, ya tafi ta'aziyya. Daga baya aka ce shi yana nan, almakashin ne bai iso ba. Matan gari da suka ga tamfol shimfiɗe a rana, suka ce ba za a yi biyu babu ba, suka jingina tsani suka baza shanyar tumatir.

Amma akwai abin da ya ci mini rai. Ƙyanda ta ɓulla a ƙauyukan kusa, ga jaririn maƙwabciyata Lami, Harisu, bai samu allura ba. Ta hau acaba har Kankiya da goyo, ta tarar ta ƙare. Ga firji a asibitin da ke ƙofar gidanta, Kamilu na ajiye takalmin ƙwallonsa a ciki.

To, yau da hantsi hadarin farko ya taso. Iska ta finciki tamfol, aka yi ruwan busasshen tumatir, na bi da gudu saboda tsoron a ce an sace kayan hukuma. Ina dawowa rana ta buɗe, firji ya fara gurnani. Kamilu ya zubar da takalma, ya haye babur ya ɗauko sabuwar allurar da aka kawo Kankiya. Kafin la'asar Harisu ya tsala ihu, Lami ta rangaɗa guɗa, ni kuma na taka rawa da takalmina ɗaya.

Ana cikin haka sai ga ɗan aiken manya, yana huci. "Wa ya ƙaddamar ba izini?"

Lami ta ce, "Iska ce, ranka ya daɗe. Ku tahi ku kamo ta."

Ya ce a mayar da tamfol yanzu-yanzu. Dabo makiyayi ya ce ya gan shi ya nufi Mawashi, ya shiga ƙasar Kusada. Ɗan aike ya ce tunda tamfol ya ƙetare iyaka, sai an kafa kwamiti.

Allah ya ja zaman kwamitin nan har Harisu ya yi gemu. Ni dai in iskar nan ta tsaya takara, ƙuri'ata tata ce: ta zo ba a roƙe ta ba, ta yi aiki, ta tafi ba ta yi jawabi ba.