Ƙwaƙwalwa Ɗari, Cokali Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sayen Kaya na cibiyar bincikenmu, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ni ne bawan Allahn nan na sashen hasashen ambaliya da ya roƙi a sayo kwamfutoci takwas matsakaita, a haɗa su da waya mai sauri, su raba lissafin kogi a tsakaninsu. Ranka ya daɗe, ka ce takwas tarkace ne, ba sa kyau a hoto. Ka sayo mana uwar garke ɗaya, ƙatuwa kamar firiji, daga shagon surukinka. Godiya na zo yi.

1. Ƙwaƙwalwa ɗari da ashirin da takwas gare ta, kamar yadda ka shaida wa 'yan jarida. Amma memorin da aka sa mata da kaɗan ya fi na wayar matata. Yallaɓai, in ka tara ƙarti ɗari a kan kwano ka ba su cokali ɗaya, wa zai ƙoshi? Biyu ke aiki, sauran suna layi.

2. An ajiye ta a tsohon sito mara taga. Na'urar sanyaya ɗakin kuwa, na ji tana hutawa a ofishinka. Ba ƙorafi nake ba, don abokan aiki na shanya safa a zafin bayan uwar garken.

3. Da na kunna ta, sai ta zuƙe wutar ginin, lif ɗin hawa bene ya tsaya. Akawu ya daina amsa gaisuwata tun ranar da ya maƙale a ciki.

4. Lissafin ya fito, kuma daidai ne: kogi zai shiga unguwar gangare. Sai dai lokacin da ya fito, gwaggona da ke zaune a can ta riga ta tare a falona da jikokinta, katifarta na ɗiga a kan katanga. Keken ɗinkin da take ci da shi yana can cikin laka. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wai mene ne aikin naka?"  Ko kwamiti yana da amsa?

Don haka nake roƙo, cikin ladabi, a mayar da na'urar nan zuwa sashen tarihi. Wajen faɗin abin da ya riga ya faru, ba ta da na biyu.

Naka mai biyayya, ko da ruwa ya kai wuya,
Mai Duban Kogi, hawa na biyu.