Sanarwar Rasuwar Ƙofar Dandamalinmu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da masu zuwa kallonmu rasuwar Ƙofa, wadda ta cika ranar Asabar da yamma a kan dandamali, tana tsaka da aiki, a gaban jama'a.

Marigayiyar ta fito ne daga hannun wani kafinta abokina, tun gashina bai yi fari ba. Ta yi ƙofar gidan attajiri, ta yi ta kurkuku, ta yi ta asibiti, fenti kawai muke sauya mata. Ba ta taɓa makara gwaji ba, ba ta taɓa cewa a ƙara mata magana ba, abin da ba zan iya shaidar wasu daga cikinmu a kansa ba. Maganarta biyu ce duk rayuwarta: "ƙiii" in an buɗe, "gam" in an rufe.

Wannan "gam" ɗin ne ya riƙe ni a ƙungiya. Ni nake fitowa a matsayin uba, kuma kunnuwana sun daɗe da yin ritaya. Kafinta kaɗai na faɗa wa. Sai ya ƙara mata katako mai nauyi a gindi, yadda in an buga ta, falankin dandamali zai girgiza har tafin ƙafata. Ina zaune na fuskanci 'yan kallo, da na ji girgizar nan na san 'yata ta wasa ta shigo a fusace, sai in juya in fara faɗa. Sauran kuwa a leɓɓansu nake karantawa.

Ciwon ajalinta gara ce. Ta cinye ta ta ciki, fenti ya rufa asiri. A ranar, malamar jinya da ke fitowa a 'yata ta fizgo ta za ta buga, sai ƙofar ta biyo hannunta ɗungurungum. Ta rungume ta don kada ta faɗo mini a ka.

Dokarmu ita ce ba a tsai da wasa: duk abin da ya faɗi, ya shiga labari. Daga baya aka gaya mini ta jingine gawar a bango, ta ce, "Baba, ka gani, har ƙofarka ta gaji da halinka." Zaure ya kwashe da dariya. Ni kuwa ina zaune na haɗe rai, ina jiran ƙafata ta ba ni labari. Na ga bakunan mutane a buɗe, har na ji daɗi, na ɗauka fuskata ce ta burge su. 'Yar tawa ta sake kira. Direban da ke fitowa a ƙanena ya shigo ba lokacinsa ba, ya daka mini tsawa daga baya. Ban motsa ba. A kan idona dariyar ta mutu layi-layi, na ga matata a gaba ta sunkuyar da kai. Sai da aka dafa kafaɗata sannan na juya.

Mun ƙarasa wasan. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Marigayiyar ta bar sakata ɗaya, da mariƙi, da ƙusoshi masu tsatsa, da ni. An riga an rataya labule a gurbinta, mai ladabi, ko motsinsa ba a ji. Shugaban ƙungiya ya same ni, ya tsaya daidai inda zan ga bakinsa, ya ce a hankali, "Kawu, ka yi mana ƙoƙari. Ka huta haka nan." Direba ne zai gaji kujerar uba.

Za a yi mata rakiya ranar Laraba bayan gwaji, a bayan zaure inda ake ƙona shara. Kafinta ya roƙi a bar shi ya cire mata ƙusoshi da hannunsa. Masu ta'aziyya za su same ni ranar wasa mai zuwa a bakin zaure, kan bencin mai yaga tikiti. Wanda ya gaishe ni ban amsa ba, ya yi haƙuri.