Jijiyar Baba da Almakashin Mai Girma

Ku yi haƙuri, masu karatu, yau ba Malam Hamzat na Fagge ba ne. 'Yarsa ce, Raudha. Ban taɓa rubuta komai ba in ba jarrabawa ba, karatu kawai na iya, shi ma a ƙuryar ɗaki. In kun ga kuskure ku yafe mini. In kuma kun haɗu da Baba a masallaci, don Allah kada ku ce kun ga wannan.

Wata uku ke nan kuna buɗe shafin nan ba ku ga ƙorafinsa ba. Na ji wasu na cewa muƙami aka ba shi ya yi shiru. Ina! Likita ne ya hana shi fushi, shi kuwa Baba bai iya rubutu ba sai da fushi.

Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta ratsa ciki, ita ce ta kumbura masa a wuri guda, kamar tsohuwar tayar keke. Likita ya ce in ta fashe, da wuya a kai asibiti da rai. Amma akwai aikin zamani da ba a tsaga ciki. Ta matsematsi ake zura wani bututun ƙyalle mai ragar waya, a naɗe, a tura shi har wurin kumburin, a buɗe shi daga ciki, jini ya koma bi ta sabuwar hanya. Sau huɗu na karanta takardar bayanin da likita ya ba mu kafin na gane. Oga Nwabueze, aminin Baba mai sayar da bututun ruwa a Kasuwar Sabon Gari, ji ɗaya ya yi.

"Malam, wato faci daga ciki, ba a fasa titi? To me ya hana a tura masu haƙa layinmu su koyo? Ramin da suka bari a ƙofar shagona tun zamanin soja, kwaɗin ciki har sun yi jikoki."

Baba ya fashe da dariya, Inna ta leƙo ta ce ita ma dariyar an ce a yi ta a hankali.

Bututu ya iso. Likita ya shirya. Injin da ke nuna cikin jiki ana tsakiyar aiki shi ma yana nan a asibitin, sabo fil. Sai dai yana cikin leda, an ɗaure shi da jan ƙyalle, ba mai taɓa shi sai Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya ƙaddamar. Ai mulkin farar hula ne yanzu, komai da tsari, ba a yi wa talaka magani a ɓoye.

Muka shiga gadin zuciyar Baba. Inna ta cire batirin rediyo ta ce ya lalace. Jaridu na riƙa tara su a bayan buhun shinkafa. Kullum da la'asar Oga Nwabueze zai zo da labarai masu sanyi.

"Malam, mai ya wadata. A gidajen man unguwar Bata har roƙon direbobi ake su zo su sha."

"Nwabueze," in ji Baba, "ƙarya ma tana tayar mini da jini."

Ni aka tura ofishin Mai Girma bin sawu, wai ni ce mai Turanci. Can na samu Ranka-ya-daɗe Sakataren Kwamitin Tsayar da Ranar Biki. Zuwan farko ya ce Mai Girma ya fita waje duba lafiyarsa. Na yaba ƙwarai, don shugaba nagari shi ne wanda ba ya cushe wa talakawa layi a asibitinsu. Zuwa na biyu, an ari almakashin an tafi buɗe wata rijiya da ake sa ran za ta yi ruwa. Na uku, 'yan kwamiti sun rabu biyu a kan launin rumfa.

Ita kuwa jijiya ba ta zauna jiran kowa ba. Da aka sake awo, likita ya cire tabarau ya ce ta ƙaru, kuma shi ba ya son yadda take sauri. A ranar Inna ba ta ci abinci ba.

Na koma ofis. Na haddace jawabi a mota, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, jijiyar ba ta san da kwamiti ba."

Sakatare ya ɗago kai a karo na farko. "Mahaifin naki yana yin kyau a hoto?"

Ashe abin da ya rage musu ke nan: mara lafiya na farko da zai kwanta kusa da injin ya yi godiya. Nan take rana ta samu, Alhamis. Sharaɗi ɗaya ne, Baba zai karanta jawabin da suka rubuta, shafi uku.

Baba fa! Mutumin da ya shekara ashirin bai yabi ko fitilar titi ba.

Muka zauna gwaji a tsakar gida. Sista Philomena, ma'aikaciyar jinya a asibitin, 'yar Sabon Gari ce da ta yi aji a hannun Baba, ta ɗaura masa abin awon jini. Ya karanta "uban marasa lafiya", awo ya haura. Ya karanta "wanda bai taɓa saɓa alkawari ba", Sista ta fizge takardar.

"Gara ta fashe," in ji Baba.

"Ta fashe ka bar ni da wa, Malam?" in ji Inna. Daga nan sai ya nemi takarda da biro, wai zai yi bita.

Ranar Alhamis Mai Girma ya yi lattin awa huɗu kacal. Baba na kwance da sabuwar hula, ba ci ba sha tun jiya saboda aikin. Da na sunkuya gyara masa matashi, sai na hango takarda a cikin hular. Rubutunsa ne, irin mai kaifin nan da kuka sani. Layin farko kawai na gani, na ji nawa jinin ya hau. In ya karanta wannan, ko dai jijiya ta fashe, ko a mayar da injin cikin leda.

Ban taɓa kai ƙarar kowa ba a rayuwata. Na matsa kusa da Sista na raɗa mata. Ta dubi hular, ta dubi agogo, ta je ta yi magana da likita, ta dawo da murmushi.

"Malam, lokacin allurar barci ya wuce tun ɗazu. Miƙo hannu."

Kafin a kawo lasifika bakinsa, Baba ya yi nisa, yana murmushi da ɗan minshari. Mai Girma ya ce bai taɓa ganin talakan da hankalinsa ya kwanta da gwamnati haka ba. Aka yi tafi. Aka yanke ƙyalle. Muka ɗan ƙara jira makaɗa su gama da janareta, sannan aka shiga da shi.

Awa biyu aikin ya ɗauka. Filasta biyu ƙanana, shi ke nan. Kwana huɗu muka dawo gida, alhamdulillahi, kuma jiya likita ya ce yana iya fara fushi, amma daidai misali.

Shi ya sa tun safe yake neman jaridunsa na wata uku. Ta saman ita ce mai hotonsa a shafin farko, yana murmushi kusa da Mai Girma, an rubuta a ƙasa cewa fitaccen mai ƙorafi ya gamsu. A kan teburinsa nake wannan rubutu, ga shi ina jin Inna tana jan buhun shinkafa. Takalmina na hannuna, ƙofar baya a buɗe take, Oga Nwabueze ya ce akwai wuri a bayan bututai. In Baba ya tambaya, ba ku gan ni ba.