Ranar da Na Dirje Ƙarfen Ramatu

Damina biyu bayan rasuwar maigidana, shekarar da iska ta yaye rufin ɗakina, jikata Ramatu ta zo Yendi hutu daga jami'a da wani ɗan ƙarfe naɗe cikin auduga. Ta ce akwai ƙwayoyi a cikinsa kamar na gero, kowace da inda ta fuskanta. Wai ana harba masa siririn haske, ƙara ta bi ta fuskarsa, na'ura ta saurara ta faɗi alƙiblar kowace ƙwaya. A kansa za a yi mata jarrabawar ƙarshe.

To ni da duk unguwarmu ta Zongo ke aron tukwanena ranar biki saboda ƙyalli, na duba na ga kamar ya ɗan dushe. Tana fita, na ɗauko toka da yashi na dirje shi da kyau, na ɗora a faranti ina jiran yabo.

Da ta dawo ta daɗe tana juya shi a hannu. Ta ce, "Kaka, sati uku na yi ina goge fuskar nan. Hasken ba ya karanta ƙarfe mai zane."

Washegari ta koma da shi. Wata guda ina jiran labari, waya na ƙara sai in ruga in ɗauka. Ta sake gogewa, ta ci jarrabawar da ƙyar.

A matan gidanmu na lokacin, ni da Adisa kaɗai muka rage. Har yau in ta gan ni da toka sai ta ce, "Sannu Injiniya, yau jikar wa za a kayar?"