Shekarar da Na Riga Sarkin Anna Magana

Ba zan taɓa mantawa ba da buɗin dajin shekarar da siyasa ta dawo mana da zafinta. Lokacin ina zaune unguwar Zariya, nan Maraɗi, ba aiki ba sana'a, sai guntun karatun lakwal da na bari a hanya da bakin da ya fi ƙarfina. Wani ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, ya ce in na kawo masa ƙuri'un ƙauyenmu na bayan Tsibiri, zai sa a ɗauke ni gadi a ma'aikata.

Mutanenmu Anna ne, masu bin al'adar kakanni. Ba ruwansu da ɗaya ga Janbiye ta Nasara, ba ruwansu da Muharram. Shekararsu ba ta kamawa sai an buɗe daji: tsofaffi su kwana can, da safe Sarkin Anna ya fito ya faɗi abin da damina za ta kawo. Kafin ya yi magana ko tari ba a yi. Na san haka sarai, cikinsa aka haife ni. Amma na ce ga taro a ɓagas (wawa dai ba ya rasa dabara).

Na ari babur, na ɗaura masa amsa-kuwwa. Na iske gari duka a zaune, tsit. Sarkin Anna ya ɗaga sanda ke nan zai fara magana, na kwarara ihu, har da barka da shekara ta Faransanci:

"Bonane, jama'a! Bana shekarar ƙoshi ce! Ku zaɓe mu, rumbu sai ya tsage!"

Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya zage ni ma, da ya fi mini sauƙi. Sarkin Anna ya sauke sandarsa.

"Ɗan wa ne wanga?"

Babana ya miƙe daga cikin tsofaffi, ya cire hula. "Nawa ne, ranka shi daɗe."

"To, ɗanka ya faɗi shekara. Shi za a tambaya." Ya juya gida.

Damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye. Mata suka riƙa zuwa ƙofar babana da ƙwarya wofi: "Sannu uban Bonane, mun zo ɗibar ƙoshin." Har ya mutu bai sake zama cikin tsofaffi ba. Depite ya ci zaɓe, ya mance kamannina, daga baya soja suka kore su duka. Gadi dai ban gani ba. Sunan Bonane kaɗai na samu, shi kuwa bai da fansho.

Yanzu kowace sabuwar shekara ta zo, ta Nasara ko ta malamai ko ta Anna, in aka ce, "Bonane, ya kake ganin bana?" sai in ja bakina. Sau ɗaya na taɓa faɗi, ubana ya biya.